Gayyar Kura da Atisayen La'asar

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya a Kurawa, ni kaɗai ke da ƙwallon fata, wanda babana ya zo mini da shi daga Maraɗi. Amma yaran unguwa wajen Sanusi ɗan baffana suke taruwa, su yi ta dukan dunƙulen tsumma suna dariya. Ni kuwa sai mutum ya zagaya fili sau biyar kafin ya taɓa nawa. Kishin Sanusi har tuwo ya hana ni ci.

Wata rana bayan magariba, kakarmu Tumba tana tura karan dawa cikin murhu, mu jikoki mun kewaye ta. Ta dubi yadda na kumbura baki.

"Mi ka damun angona? Matso kusa, ga wata tatsuniya nan ta taho muku."

Wai Kura da Dila suka kira gayya rana ɗaya. Kura ta dama fura, ta yanka rago, amma tana bin manoma kunya-kunya da bulala. Dila ba shi da komai sai 'yar ganga, yana yi wa kowa kirari, har Kunkuru. Kafin hantsi duk an watse an koma gonarsa. Haushi ya kama Kura, ta sace gangar, washegari ta hau kiɗa. Dabbobi suka taho da murna, sai suka hangi bulalar a ɗaya hannunta, suka juya.

"Ita ta aza ganga ta ka kiran mutane," in ji Tumba, tana kallona. Sanusi ya fi kowa dariya, na kwana ban yi masa magana ba.

Yanzu samari 'yan ƙwallo nake horarwa a garin Isa, manoma da masu kabu-kabu. Sanusi ma yana da nasa fili, kuma har yau in shewar yaransa ta iso kunnena raina ɓaci yake. Da daminar bara 'yan wasana suka fara zamewa. Lawali, golan da na raina da hannuna, ya ce mini, "Koci, gona munka wuni. Nan ma noma za mu yi?"

Na laɓe na kwaikwayi duk wasannin Sanusi, amma ban daina tsawa ba, kuma ba wanda ya dawo. A nan na gane da wa tsohuwar take.

Na rage busa usur, na bar su suna farawa da ƙwallo maimakon zagaya fili. Bakwai sun dawo. Lawali bai dawo ba, kuma ranar Juma'a shi zai tsare ragar Sanusi a karawarmu.