Jiƙon da Ya Kayar da Kaka

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, wata Laraba cikin Afrilu, Kaka ta dafa ƙofar firij ta ce, "Wa ke juya ɗakin nan?" Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a bayan littafin lissafina. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ina cikin yaran da ke rubuta abin da bakinsu ya kasa faɗi.

A ƙasar Turawa muke zaune, unguwar Tremont, a bene hawa na huɗu. Kaka mahaifiyar Baba ce, ta zo daga Kumasi shekara biyu kafin nan. Ƙanƙara ba ta taɓa ba ta tsoro ba. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne lokacin da bishiyoyin titi suka fara fure. Sai atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido ya yi ja, hanci ya toshe, goshi ya yi nauyi har ta kasa daɗewa a sujada.

Mma, mahaifiyata, tana aikin kula da wata tsohuwa 'yar Sin a unguwar Queens. Tsohuwar ce ta kwatanta mata shagon wani mai maganin gargajiya a unguwar Flushing. Ranar hutunta guda Mma ta sadaukar, ta hau jirgin ƙasa biyu, ta dawo da ƙulli biyar a takarda. Har yau in na ji ƙamshin busasshen ɓawon lemo sai raina ya ɓaci. Akwai shi a ciki, da wata saiwa mai zaƙi, da ƙananan 'ya'yan itace masu ƙaya. A ƙasan ledar na tsinci takardar da mai maganin ya rubuta da Turanci: ƙulli ɗaya a rana, a tafasa kofi uku na ruwa har ya koma ɗaya, kwana biyar a daina. Can ƙasa ya ja layi biyu: mai hawan jini kada ya sha sai ya tambayi likita. Kaka kuwa kullum da safe sai ta haɗiyi ƙwayar hawan jini.

Ita ta yi abin da ta saba yi a gida. Ta juye ƙulli biyar ɗin duka a babbar tukunya, ta jefa kanwa, ta mai da shi jiƙo. Ruwa ya ragu, ta ƙara. Ƙishirwa ta zo, ta ɗiba. Gaskiya hancin ya buɗe cikin kwana uku. Matan masallacinmu suka riƙa shigowa suna sa wa Mma albarka, suna cewa Hajiya ta yi dacen suruka.

Daga nan sai jirin. Na rubuta kowanne, da lokacinsa, da yawan kofin da ta sha kafin ya zo. Goggo, ƙanwar Baba, ta ce ai magani ne ke fitar da cuta, in bai girgiza mutum ba bai yi aiki ba.

Na kai wa Mma takardar a kicin. Ta dube ta, ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Ni zan ce wa uwar mijina ba ta iya haɗa magani ba?"

Na tari Baba yana ɗaura takalmi zai fita da tasi. Ko karɓar takardar bai yi ba. "Tun ba a haifi ubanki ba take jiƙa magani."

Kwana biyu ina haɗa jimlar Hausa a raina kafin na tunkari Kaka, domin Hausata ta yaran nan ce, mai karkata. Na faɗa mata. Ta yi dariya har da tafa hannu. "To, likita bokan Turai, na ji. Miƙo min kofin nan."

Na miƙa mata. Wannan ne har yanzu ban yafe wa kaina ba, kuma ban yafe wa waɗanda suka koya min cewa ladabi ke nan ba.

A kwana na goma sha tara da fara shan jiƙon ta faɗi a banɗaki tana alwalar Azahar, ƙashin ƙugunta ya karye. A asibiti likita ta tambaya ko tana shan wani abu ban da ƙwayarta. Manya uku suna tsaye, kowa ya zuba wa ƙasa ido. Na ciro takardar da littafina na ba ta. Ta karanta, ta ce yawan saiwar nan mai zaƙi, ga kuma kanwa, su suka tayar da jinin har ƙwayar ta kasa riƙe shi.

Mako guda Baba bai amsa gaisuwata ba. Goggo ta ce na tona asirin gida a gaban baƙi. Kaka kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa santsin tayil ne, Turawa ba su iya daɓe ba. Ba ta sake sauka matakalar nan da ƙafarta ba.

Yanzu ina karatun harhaɗa magunguna. Na koyi sunan kowace saiwa da ke cikin ƙullin nan, na kuma san mai shagon bai yi kuskure ba. Ƙannena da aka haifa bayana suna faɗa wa Baba magana ido cikin ido, yana saurare. Ina murna, ina kuma jin haushi, domin sauraron ya zo a makare.

Shekara shida ina ɗauke da tambayar. Ana gobe za a mai da Kaka Kumasi, ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa bayan La'asar, na ce, "Kaka, me ya sa ba ki yarda da ni ba?"

Ta dube ni ta ce:

"Wa ya ce ban yarda ba? Tun kafin ki buɗe baki na san shi ke juya ni. Amma uwarki ce ta kawo, kowa ya sani. In tsohuwa ta ture maganin surukarta ta ce yana kayar da ita, kin san sunan da za a sa wa uwarki daga nan har Kumasi? Ƙashi na karya, 'yar nan. Shi aƙalla ana ɗora shi."