Osilon Malam Ciɗo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, shida ga watan Mayu na 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Isma'ila, wanda duk Tawa ta sani da Ciɗo mai gyaran famfon sola. Kwana uku ya yi a gidan likita, bayan ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa da dawowarsa daga ƙauyen Takanamat. Ni ne Nasrullahi, malamin fizik a lise, wato sakandare, abokin zamansa na shekara goma sha huɗu. Na so in rubuta yabo kawai. Amma akwai abin da ya tokare mini ƙirji, kuma da Malam Ciɗo kansa nake son magana.

Malam Ciɗo, ba ka yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, amma ni da na yi, a bencinka na koyi abin da nake koyarwa. Kai ka fara nuna mini osilo, wannan ƙaramar na'ura mai gilashi da ke zana wutar lantarki layi-layi, mutum ya ga hawanta da saukarta da idonsa. Tsohuwa ce ka saya a hannun wani ɗan kasuwa daga Maraɗi. Masu ƙerata sun ce iyakar saurin da take gani megahaz hamsin ne. Ka ce ba ka yarda ba. Wata uku ka yi kana tonon manhajar da ke cikinta, ka canza mata ƙwaya biyu a bakin shigar wuta, har ta kai ɗari. Tsinin wutar nan mai saurin wucewa, wanda ke ƙona akwatin famfo, da can a dunƙule yake fitowa. Daga ranar ya fito sarai.

Sai dai ta koyi hali. In ba ta yi minti ashirin a kunne ba, ƙarya take yi. In zafi ya yi yawa aka taɓa wani koren maɓalli da ke gabanta, sai ta sandare. Ka liƙe shi da jan salatif, kana cewa, "Wagga tsohuwa ta hi ni taurin kai, Mushe." Haka kake kirana, yadda ake kiran malamin makaranta a nan. Batir ɗin moto, wato babur, ka ɗaura mata a baya da roba, don ƙauyen da za ka ba ya da kuran, wato wutar lantarki.

Aikinka da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan. Ba ka rubutu a littafi. Duk garin da ka gyara wa famfo, ranar da ruwa ya hau shato, wato tankin sama, lafiya, sai ka ɗauki layin wutarsa ka ajiye a cikin osilo, ka sa masa sunan garin. Kowane akwati an yi masa faci iri dabam, saboda haka kowane gari da nasa layin. In ya sake lalacewa, sai ka ɗora sabon layi a kan na lafiya, cikin minti kaɗan ka ga inda suka rabu. Na gan ka a Bambeye ka tada famfon da wasu suka yi mako suna fama da shi. Matan garin suka bar jarkokinsu a layi suka zo suna sa maka albarka, kai kuwa kunya ta kama ka, ka sunkuyar da kai kana naɗe waya. Gari talatin da ɗaya ne a cikin na'urar nan.

To, ga laifina. A watan Fabrairu ka ara mini ita in nuna wa ɗalibai. Abu ɗaya ka ce: kada in taɓa jan salatif. Ban taɓa ba. Amma na ga an fitar da sabuwar manhaja wadda aka ce tana maganin sandarewa, sai na ce bari in yi maka alheri. Kai, girman kan mai takarda! Ban tambaye ka ba. Na sa ta a kle, ɗan filashin nan na kwamfuta, na ɗora mata. Ta mutu, ta tashi, ta koma hamsin ɗinta na asali. Na buɗe ma'ajiyarta, fayau. Babu Bambeye, babu Barmou, babu ko ɗaya. Aikin shekara tara ya tafi kafin in gama shan shayi.

Na mayar maka da ita a nannaɗe cikin zaninta, na ce na gode, na fita da sauri. Na ce gobe zan faɗa maka. Goben nan ta kai wata biyu da rabi. Kullum ka gan ni sai ka miƙo mini kujera kamar yadda ka saba, ka tambayi yara. Na ɗauka ba ka duba ba tukuna. Wallahi na so in yarda da haka.

Ranar sadakar bakwai, matarka Raƙiya ta sa aka kira ni zaure. Ta turo mini osilon ta ce, "Mushe, ya ce in wani abu ya hwaru, kai za a ba. Ya ce kai kaɗai ka san halinta." Na kasa ɗaga ido. Ta ce tun azumi ba ka zauna ba. Kowace Asabar sai ka hau moto ka yi arewa cikin ranar nan, alhali likita ya hana ka saboda hawan jini, kuma ba wanda ya kira ka gyara. In ta yi magana sai ka ce akwai abin da ya zube, kana tsincewa.

A gida na kunna ta. Ka mayar da ita ɗari. A ma'ajiya akwai layi goma sha ɗaya, kowanne da sunan gari da kwanan wata. Na ƙarshe Takanamat, uku ga Mayu.

Malam Ciɗo, ashe ka sani tun ranar farko. Ka rufa mini asiri har a gaban iyalinka, ka ɗauki ɓarnar da na yi a kan motonka. Na san rai na Allah ne, kuma ba wanda ke wuce kwanansa. Liman ya faɗa mini, na yarda. Amma ni na san dalilin da ya fitar da kai cikin wannan rana, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Jiya na koma na gaya wa Raƙiya komai. Ta ce nata ta yafe, naka kuwa ba ita ke da shi ba.

Saura gari ashirin. Mutanen Barmou sun aiko, famfonsu ya tsaya kwana huɗu ke nan, dabbobi sun koma rijiya, kuma layin Barmou ba ya cikin waɗanda ka kai ga tsincewa. Asabar zan tafi. Ban san ko zan iya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Raƙiya, da 'ya'yanka Samira da Habibu, da 'yan'uwanka, da masu gyara na Tawa, da duk garin Adar da ya sha ruwa ta hannunka. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya wa marayu. Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isma'ila, ka yalwata kabarinsa, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da bayinka, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ka sa in mun haɗu in iya buɗe baki in faɗa masa abin da na kasa faɗa a kan kujerarsa: Malam Ciɗo, ni ne na goge, ka yafe mini. Amin.