Ragon Yaya da Littattafan da Na Ara Masa

Yayana wakilin wani gidan rediyo ne a Gummi. Aikinsa bai wuce ya zagaya kasuwa ya aika farashin gero da dawa ba, sai labarin rabon taki idan damina ta kama. Ni kuwa ina koyarwa a firamare, na kamu da karatun littattafan bincike, irin waɗanda ɗan jarida ke gano mai laifi tun 'yan sanda ba su gama ɗaura takalmi ba. Na dame shi da ya karanta, ai sana'arsa ce. Na zaɓar masa uku, na ce ya fara da na wata 'yar jarida da ta tona asirin ɓarayin shanu.

Cikin mako biyu ya cinye su. Sai ragonsa na layya ya ɓace.

Maimakon ya sa a yi cigiya a masallaci kamar kowa, Yaya ya sayi sabon littafin rubutu. Ya bi maƙwabta gida-gida yana tambayar kowa inda yake ranar Talata bayan la'asar. Ya auna sawun kofato da tsinke. Mahaucin unguwarmu ya sha tambaya har sau uku, ya daina gaishe mu. Da wani ya ce ya ga rago mai baƙin kunne ɗaure a bayan babur, Yaya ya hau nasa har garin Adabka, ya dawo da ciwon baya da faci biyu a taya.

Rana ta biyar, Bafulatanar da ke kawo wa Inna nono ta tarar da shi a tsakar gida yana jera sunayen waɗanda yake zargi. Ta ce ai ragon na rugarsu, garkensu ya bi, kuma ta faɗa wa Inna tun washegarin ɓatansa.

Yaya ya juya ya dubi Inna, ya tambaye ta abin da ya hana ta magana.

"Kowa ka tambaya cikin garin ga, ni ba ka tambaye ni ba," in ji ta. "Na ga aiki kakai."

Da zai je ba mahauci haƙuri, ya ce dole in raka shi, tunda ni na jawo. Mahaucin ya saurare mu yana wasa wuƙa, bai ɗago ba. Da muka gama, ya ce in kawo littafin ɓarayin shanun nan ɗiyarsa ta karanta masa, yana son ya ji ko a can ma mahauta ake fara tuhuma.