Dirkokin Rumfa a Gonar Aro

Gonar da na fi daɗewa ina nomawa ba tawa ba ce, ta aro ce. Wani dattijo abokin mahaifina, mai gonaki a hanyar Tsiga, shi ya ba ni ita shekarar da na yi aure, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Tamu ta gado da aka raba tsakanin 'yan'uwa, abin da ya zo hannuna bai wuce wurin shanya barkono ba. Da ta aron nake ciyar da gidana, dawa a tudu, auduga a gangare. Sharaɗi ɗaya ne, dattijon bai ma faɗa ba don kowa ya san shi. Mai aron gona yana shuka abin da za a girbe a shekara, amma ba ya dasa itace. Itace yakan daɗe fiye da waɗanda suka san yadda aka yi, wata rana sai jika ya nuna shi ya ce kakansa ya dasa, shi ke nan gona ta tafi.

Ana nan sai aka kawo mana sabon malamin gona, saurayi mai keke da agogo. Ya zo da wani ɗan gwangwani mai farin gari kamar alli. Ya ce jiran ƙwallon mangwaro ko irin lemo ya tsiro ya girma aikin mutanen da ne. Yanzu reshe kawai za ka yanko, ka tsoma gindinsa a garin, ka soka a ƙasa mai yashi, sai saiwa. Ni ya zaɓa in gwada, don ina da rijiya a tsakar gida, kuma ban iya ce wa mai agogo a'a ba.

Na jera tsofaffin tukwane a bayan ɗaki, na soka musu rassa. Lemo ya bushe. Malam ya ce rana ce, na yi masa inuwa, ya ruɓe. Ya ce ruwa ya yi yawa, na rage, ya koma bushewa. Wata Bayarabiya mai goro a Funtua ta ce su a ƙasarsu ruwan kwakwa suke sa wa reshe, na nemo da ƙyar. Wani Bafulatani ya ce in shafa ruwan kabar giwa in lulluɓe da kashin shanu. Na shafa har da zuma, wadda ba ta amfani kowa ba sai tururuwa. A lokacin kuwa 'ya'yan bedi, wato darbejiya, da jemagu ke yarwa a gefen makewayi suna ta tsirowa ba wanda ya roƙe su, matata tana tuge su tana mita.

Reshen gwaba guda ne ya yi ɗan toho. Na san ba shi da saiwa, don na tona na duba. Malam bai tona ba. Ya sa na ɗauko tukunyar a ka har kasuwar Bakori, ya tara mutane ya yi musu jawabi, ya juyo ya ce in gaya musu da bakina ko ya yi ganye. Na ce ya yi, don ya yi ɗin. Gwaban ya mutu kafin wata kasuwar, amma labarinsa bai mutu ba. Daga nan na zama mutumin da in ya tsoma taɓarya a garin Bature sai ta yi ganye. Tsofaffi a ƙofar masallaci in na zo wucewa sai su janye sandunansu, wai kada in taɓa.

Da bazara matata tana goyo, ita ke kawo mini abinci gona, gonar kuwa ba inuwar da kaza za ta fake. Na ce bari in kafa 'yar rumfa. Na samu rassan ceɗiya da aka sassare a bakin hanya, sun sha rana har ɓawonsu ya yamutse, na zaɓi huɗu masu baki biyu na yi dirkoki. Mai aron gona yakan babbake gindin dirka a wuta kafin ya binne, musamman ta ceɗiya, don an san halinta. Ni na ƙwanƙwasa na ji a bushe suke, kuma wanda ya yi shekara yana lallashin ɗanyen reshe ya ƙi kamawa ba zai ji tsoron busasshe ba. Na binne su haka.

Ruwa ya sauka. Ina noman farko na ɗaga kai na ga dirkoki duka huɗun sun yi kore. Na girgiza ɗaya, ta riƙe ƙasa kamar a nan aka haife ta. In na sare, na sare ɗanyen itace a gonar wani ba da izninsa ba, ga malamin daji da ke neman mai irin wannan laifi. In na bari, na dasa. Na ce gobe zan je in gaya wa dattijon. Ina ta neman yadda zan fara maganar, masu wucewa kasuwa suka riga ni.

A zauren mai unguwa aka kira ni. Dattijon yana zaune yana jan carbi, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Na durƙusa na gaida shi, na faɗi yadda aka yi, na ce rumfa na kafa, busasshen ice ne.

Dattijon ya ce, "To ai shi ne, ɗana. Busasshen ice a hannun wani busasshe ne. A hannunka fa?"

Na ce, "Baba, garin nan ko ciyawa bai taɓa fitar mini ba. Zo gidana ka ga tukwanen."

Mai unguwa ya ce shi da kansa yana kasuwar Bakori ranar, da kunnensa ya ji na ce ya yi ganye. Na roƙi a kira malamin gona ya yi mini shaida. Wannan shi ne ya ƙarasa ni. Ya zo a kan kekensa da murna, tun kafin ya zauna ya ce a kai shi ya ga itatuwan, ya ce dama ya san garin ba ya ƙarya, sai dai hannu ya saba. Na ce ban sa musu komai ba. Ya ce wataƙila ɓurɓushi ne ya maƙale a farcena. Mutane suka dubi farcena, ni ma na duba.

Dattijon ya ce shi bai ce na yi da niyya ba, amma shi ba zai daɗe ba, 'ya'yansa kuma ba su san mahaifina ba. In cire dawata, in tsince audugata, da rani ya karɓi abarsa. Na ce a ba ni izni in sare itatuwan yanzu a gaban kowa. Ya ce Allah ya sawwaƙe a sare abin da Allah ya raya. Ya ce kuma shi ba azzalumi ba ne, kowa ya shaida, ƙasa tasa ce, amma itatuwa nawa ne tun da ni na dasa. Mai unguwa ya yaba masa adalci, aka shafa fatiha, ni ma na shafa.

Ranin nan na tafi Funtua na shiga dakon auduga, ban sake samun gona mai girman wannan ba, don ba mai ba da aro ga mutumin da sanda ke kamawa a hannunsa. Ceɗiyoyin suka haɗe kai suka zama kamar itace ɗaya. Ba a cin 'ya'yansu, ganyen ne kawai na awaki, ni kuma ba ni da akuya. Bayan dattijon ya rasu babban ɗansa ya aiko har Funtua, wai inuwar itatuwana tana kashe masa dawa, in zo in rage musu rassa. Na ari gatari na je.