Ranar da Na Ƙi Tsaya wa Baƙona

Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, kuma fatoma, wato mai saukar da fatake a gidansa. A ƙauyenmu da ke kusa da Dutse akwai wani ɗaki a jikin zaurenmu da ba a ba kowa sai mutumin Damagaram, wani dogon dattijo da ke kawo kanwa da raguna, ya koma da gero da dawa da atamfa. Da ya tsufa, ɗansa ya gaji hanyar. Da mahaifina ya rasu, ni na gaji ɗakin da baƙon da ke sauka a cikinsa.

Karatuna bai wuce firamare ba, don haka abin da na sani game da zumuncin Najeriya da Nijar a rediyo na ji shi. Yau a ce shugabanmu ya je Yamai, gobe a ce nasu ya zo an sa hannu a takarda kan wutar lantarki ko kan hanya. Wata shekara a rufe iyaka, wata a buɗe. Mu a nan ƙasa muna da tamu yarjejeniyar da ba a rubuta ba. Idan hukuma ta tambayi baƙo, mai masaukinsa ne zai miƙe ya ce, "Baƙona ne, yana wuyana." Idan kai ma ka haura ƙasarsu, haka zai yi maka. Ya kuwa yi mini. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ni a garinsu, jandarmomi suka zo neman takarduna, ya tare bakin ƙofa ya ce musu ni ƙaninsa ne, duk abin da suke so su tambaye shi.

Ya girme ni da kaɗan, amma wasa muke yi kamar abokan kaciya. Da ya sauke kaya sai in ce, "Ɗan Faransa, har yanzu burodin nan naku mai kama da sanda bai cire maka haƙori ba?"

Shi kuma ya ce, "Ɗan Ingila, mu dai in an ce ƙarfe bakwai, to bakwai ce. Ku sai an sha koko an gama gardama."

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a ƙasarsu, yana gidana. Ya kawo raguna kasuwar Shuwarin, kafin ya gama haɗa hatsin da zai koma da shi aka rufe iyaka. Aka yanke wa ƙasarsu wutar lantarki. Rediyo ba ta da zance sai na yaƙi. Ya zauna a ɗakinsa yana jiran abin da Allah zai yi, kullum yana buga wa iyalinsa waya.

Ana nan sai mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya ce an turo masa daga sama a san baƙin da ke gari, ba don a kori kowa ba, kowa dai ya tsaya wa nasa a rubuta. A lokacin ɗana na biyu yana neman aikin ɗamara, an ce saura a zo a binciki gidan da ya fito. Babu wanda ya ce mini baƙon Nijar zai hana shi aiki. Ni na raya wa kaina haka, na yi ta juya abin a zuciyata har ya zama gaskiya a wurina.

Mai unguwa ya zo kan baƙona, ya dube ni yana murmushi. "Alhaji, wannan kam ba sai an tambaya ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan kasuwa ne dai. Yakan kwana a zaurenmu in ya zo. Ba zan ce na san shi can sosai ba."

Baƙona yana zaune kusa da ni, har kafaɗarmu tana taɓa juna. Bai juyo ba. Carbin da ke hannunsa ne kawai ya daina tafiya.

Mai unguwa ya ajiye biro ya ce, "Alhaji, ni fa tun ina hawan bishiyar dabino nake ganin mutumin nan a ƙofar gidanku."

Ya ba ni hanyar da zan gyara. Na gan ta sarai, na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Sai malamin makarantar allo na unguwarmu, wanda bai taɓa sayen ko tunkiya a hannunsa ba, ya ɗaga hannu ya ce, "A rubuta shi a kaina. A bayana yake salla. Yana wuyana."

Kafin magariba baƙona ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa da jakarsa. Ya yi sallama da uwargidana daga bakin zaure, ya gode mata da abinci. Ita ba ta san abin da ya faru ba, tana ta tambayarsa ko wani ya ɓata masa. Ya ce babu kowa, Malam ne ya matsa masa. Har wannan ƙaryar ya yi don ya rufa mini asiri a cikin gidana.

Binciken da nake tsoro, da aka zo yin sa, ba a tambayi komai game da baƙi ba.

Bayan watanni aka buɗe iyakar daga ɓangarenmu, manya suka ci gaba da aika wa juna wakilai, fatake suka fara dawowa kaɗan-kaɗan. Shi ma ya koma gida, ya sake saukowa, amma gidan Malam ya nufa. Sau biyu ina hango shi a kasuwa ina sauya layi. A karo na uku na daure na je na same shi a karar raguna, na tsuguna a gabansa cikin mutane.

Na ce, "Yaya, na ci amanar ubana da naka. Ka yafe mini. Ɗakinka yana nan, an share shi."

Ya kama hannuna ya ɗaga ni. "Tashi, Alhaji, ka tsufa da tsugunno. Na yafe maka tun a ranar. Ni ma uba ne."

Na ce, "To ka dawo gida."

Ya shafa bayan wani rago. Sannan ya ce, "Malam ya tsaya mini ranar da ba ni da kowa. In na kwashe kayana daga gidansa don kai ka huce, ai na yi masa abin da ka yi mini ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Yanzu in ya zo, ni nake zuwa gaishe shi a zauren Malam, in zauna daga gefe kamar kowane mai ziyara. Yana karɓata da fara'a, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa ya fara rako shi don ya koyi hanya, kuma ɗan Malam ne ke fitowa ya karɓar masa jaka.