Uwar Baɗi da Ɗakin Auta

A ma'aikatar lafiya ta ƙasa, kusa da injin kwafin da hutunsa ya fi aikinsa yawa, akwai teburin wata mata da kowa ke kira Uwar Baɗi. Ita ke haɗa tsarin aikin shekara mai zuwa: wane asibiti za a gyara wa rufi, ina za a kai firjin rigakafi, wane ƙauye zai samu ungozoma. Duk wanda ya zo mata da kuka, amsarta ɗaya ce: "Baɗi, in Allah ya kai mu."

Tana da wani hali da mutum zai rasa yabo ya dace da shi ko faɗa. Ƙauyensu na cikin masu jiran ungozoma, amma kowace shekara sai ta jefa shi can ƙarshen jeri, wai kada a ce ta yi son kai. Ma'aikata kuwa ba ta san kara ba. In an zauna tace tsari, daga ƙasa darakta yake fara yankewa, kamar tela.

Wata rana Auta, ƙanwarta da ta koma gidan uwarsu jiran haihuwa, ta bugo waya.

"Yaya, cikin nan fa ya tsufa, kuma kin san wuyar da na sha wancan karon. Ɗakin haihuwar har yau a kulle, awaki ke kwana a barandar."

"Kuna cikin tsari, Auta."

"To Yaya, tsarin ne zai riƙe ni in na durƙusa?"

Suka yi dariya. Amma washegari Uwar Baɗi ta aje kunya ta shiga wurin darakta.

"Yallaɓai, a taimaka a duba na ƙarshen nan."

"Haba Hajiya! Ke da hannunki kika jera su. An sa hannu, masu tallafi ma sun gani. Bakin alƙalami ya bushe."

Ta fito ta koma teburinta. Ita da ke raba wa ƙasa ungozomomi a takarda, ta kasa kai guda ɗaya gidansu.

Naƙuda ta zo tsakiyar damina, ruwa ya cinye hanya. Aka ɗora Auta a motar ɗaukar kaya, ba a kai gari da ita ba, ita da abin da ke cikinta.

Da aka zo tsarin gaba, Uwar Baɗi ta sa ƙauyensu a layin farko. Ko mutum ɗaya bai ɗaga kai ba, balle a ce son kai. Wannan shirun ya fi komai yi mata ciwo.

Bayan watanni uwarsu ta bugo, muryarta a sanyaye.

"Ungozomarku ta iso, yarinya mai hankali. Ba ta da masauki, sai na ba ta ɗakin Auta. Ai babu kowa a ciki."