Gaurakan da Na Gani da Idon Maƙwabcina

Da na sallame sallar asuba muka bar unguwarmu ta Talaje, ni da maƙwabcina, tsohon ma'aikacin jinya da muke kira Likita, mutumin Dogon Dutsi, Kirista ne, kuma mun tsufa katangarmu ɗaya. Ga dalilin tafiyar. Yanar ido ta rufe mini na hagu, ta fara cin na dama, likita ya sa ranar aiki, kuma bai ɓoye mini cewa a shekaruna ana dacewa, ana rashin dacewa ba. Na daɗe ina kallon tsuntsaye, ina ɗaukar hakan wani reshe na tunani cikin halittar Ubangiji, amma ban taɓa ganin gauraka a sake ba, sai waɗanda ake yanke wa fiffike a gidajen masu hali a unguwar Bobiyel. Da aka ce an ga biyu a fadamar shinkafa ta hanyar Kollo, na ƙudurta in gan su tun idon yana da saura.

Kuɗin mota ya hau, direba ya ɗora laifin a kan mai, fasinjoji suka ɗora a kan direba. A shingen bayan gari wani jami'i ya buɗe jakata ya ciro jumel, madubin da nake hangen nesa da shi.

"Baba, me kake hange da wannan?"

"Tsuntsaye, ɗana."

Ya dube ni, ya dubi rawanina. Cikin ladabi ya ce zamani ya lalace, ba a wucewa da irin wannan wajen kogi, in karɓa in na dawo. Ban ga laifinsa ba. Ni ne na manta cewa abin da tsoho ke kallon kurciya da shi, wani mugunta yake nufi da irinsa. Amma zuciyata ta yi nauyi, domin ba tare da shi ba, abin da ya wuce inuwar bishiya hazo ne a wurina.

A bakin ruwa muka karya da kopto, wato kwaɗon zogale irin na Zabarmawa, da soyayyen kifi. Wani masunci ya tsallakar da mu a kwalekwale. Balbelu na bin shanu, zalɓe ya tsaya kamar mai jiran liman, kirinjijiya na ta fito a sama. Waɗannan na san su, ko a hazo ba sa ɓace mini.

Rana ta ɗaga sosai kafin maƙwabcina ya kama hannun rigata.

"Malam, ga su can bakin gona."

Na duba har idona ya yi ruwa. Inuwa biyu kawai na gani, dogaye.

"Likita, ba na gani. Faɗa mini."

Mutumin da bai taɓa bambance hasbiya da kurciya ba, wanda ya sha yi mini dariya cewa na mayar da tsuntsaye ɗalibaina, shi ne ya tsaya yana siffanta mini su a hankali, kamar yana duba majinyaci: tukku ruwan zinariya a ka, kunci fari da ja, jiki baƙi, farin fiffike. Ya ce ɗaya ya sunkuya, ɗayan ya yi tsalle a gabansa. Sai suka tashi, suka bi ta kanmu, suka yi kuka mai zurfi da ya cika fadamar. Wannan kam ba wanda ya faɗa mini. Na yi tasbihi, na ji hawaye a gemuna.

Da muka dawo shinge, jami'in ya miƙo mini jumel da hannu biyu, ya tambaya ko na ga tsuntsun. Na ce na gan shi.

Mun iso gida kafin magariba. Na zauna alwala inda 'yan jajayen tsuntsayen nan da muke kira bayin Allah suke zuwa shan ruwan da ya zuba, na rufe idona da gangan. Na ji su, na ji kurciya a kan darbejiya, na ji marai, ban rikita ko ɗaya ba. Tafiyar ta koya mini cewa gani aro ne, kuma Mai shi bai ba ni shi kaɗai ba: ya ba ni ji, ya ba ni maƙwabci. Gobe shi zai riƙe hannuna zuwa asibiti. Na ba shi ajiyar jumel ɗin, ya ce ko na warke sai mun yi shari'a kafin ya mayar.